Wasiƙa daga Landan: awut ɗin nan ba ta ƙwallo ba ce

Yaya, barka da war haka. Ya kasuwa, ya su Inna da yara?

Ka ce in ba ka labarin saye da sayarwa a nan. To, kalma ɗaya ta riƙe rabin kasuwar Ingila, ita ce "out". Mu a gida ba mu san ta ba sai in ƙwallo ta tsallake layi a ce awut.

Ranar da na sauka, sai da na sha yawo a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa kafin na gane "way out" ita ce hanyar fita. Injin cirar kuɗi in ya lalace, "out of order" ne, alhali yana nan kafe a bango, bai je ko'ina ba. Wurin biyan kuɗi a kanti "checkout", kuma sau da yawa kai ne mai saye, kai ne yaron shago. Leda ma ba kyauta ba, ƙarancinta kwabo 10 na nan. In likitan unguwa ya tashi aiki, an shiga "out of hours", sai ka buga 111, lambar wayar hukumar lafiya.

Wadda ta tsaya min a rai ita ce "out of stock", wato kaya sun ƙare. Da sanyi ya kama, na je wani kanti neman hita. Yarinyar ta duba 'yar na'urarta ta faɗa min haka, ta juya. Na tsaya sororo ina jiran sauran magana. Kai a Kwari in atamfa ta ƙare, ai zaunar da mutum kake, ka ba shi ruwa, ka tura yaro layin baya ya karɓo, ka ɗora 'yar ribarka. Nan ba mai taka ƙafa saboda kai, sai dai a ce ka yi oda ta intanet. Amma kada in ci haƙƙinsu: na yi odar, washegari ga hita a bakin ƙofa, kuma doka ta ba ni kwana 14 in fasa a mayar min da kuɗina, ba rantsuwa ba jayayya.

Abincin da ya kusa zama "out of date" kuwa, da yamma ake manna masa takarda ruwan ɗorawa a karya farashi. Da shi ƙaninka ke maneji, kada dai Inna ta ji.

Kilishin da ka ce za ka aiko, bar shi, ba a barin nama ya shigo daga Najeriya. In ka samu mai zuwa, ya riƙo min yaji da kuka, nawa sun yi awut tun watan jiya.