Gargaɗi ga masu Land Cruiser da Hilux: ku yi hattara da mai cewa ƙwaƙwalwar mota ta ƙone

Assalamu alaikum 'yan uwa direbobi da masu motocin gazwal na Garwa, Gidar, Marwa har zuwa Kuseri. Akwai wani mutum da ke zagaya garaje-garaje da tashoshin mota, rataye da jaka mai ɗauke da na'urar duba mota. Ba shi da garaji, ba shi da shago, lambar waya kawai gare shi. Kama sunansa ba zai amfane ku ba, domin sunan da ya faɗa a nan daban yake da wanda zai faɗa a can. Aikinsa ne zai nuna muku shi.

Yakan nemi motar da ta rage ƙarfi, ko mai mutuwa a tsaye, ko wadda fitilar injinta ta kama. Sai ya ce zai duba kyauta, ko a ba shi na goro. Ya jona na'urar, ya juya allon wajen mai mota, lambobi da Turanci cike, ya girgiza kai ya ce, "Alhaji, ƙwaƙwalwar ce ta ƙone, sai an kai ta Duwala." Ya karɓi kafin alƙalami ta waya, ya kwance ƙwaƙwalwar, wato kwamfutar da ke sarrafa injin, ya tafi da ita. Wasu yakan dawo musu da tasu ɗin, an goge ta an manna takarda sabuwa. Wasu kuwa tasu mai lafiya ta tafi ke nan, ya kawo musu ta kan tebur. Haka ya yi wa baffana a Hilux ɗinsa: mota ta kwana biyu tana tafiya, ciwon ya dawo, wayar mutumin kuma a kashe. Da aka kai ta wurin bakaniken da ya san aikinsa, matatar mai ce cike da ruwa da laka.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne har masu injin 1HZ yake yi wa wannan magana. Injin nan mai silinda 6, lita 4.2, da Toyota ta fara sa wa Land Cruiser a 1990, famfon mansa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfutar da ke auna masa mai. Haka injin 3L da 5L na tsohuwar Hilux. Duk wanda ya ce maka kwamfutar injin irin wannan ta ƙone, ƙarya yake yi ido da ido. Masu ƙwaƙwalwa su ne irin 1KZ-TE na Prado, da 5L-E, da 1HD-FTE na Land Cruiser 100, da 1KD da 2KD na Hilux mai D-4D, wato tsarin Toyota na fesa wa injin gazwal da kwamfuta. Ka san sunan injinka. A rubuce yake a jikin farantin ƙarfe ko takardar da kamfani ya maƙala wa motar.

Ko a motar da ke da ƙwaƙwalwa, lambar da na'ura ta fitar ba ta yanke hukunci, wurin da za a fara dubawa take nunawa. P0087 na nufin ƙarfin turin mai ya yi ƙasa. Wannan kan zo daga matatar da ta toshe, ko iska da ke shiga ta tsagaggen tiyo, ko ƙaramin bawul ɗin da ke jikin famfo, wanda ake kira SCV, sananne wajen sa D-4D mutuwa a tsaye. P0101 na magana ne a kan sansar da ke auna iskar da ke shiga injin, kuma kowa ya san abin da ƙurar hunturu ke yi mata. P0401 na nuna hanyar EGR, wato wadda ke mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin injin, wadda kuma baƙin hayaƙi ke toshewa. Babu ko ɗaya cikinsu da ta ce a cire ƙwaƙwalwa. Ita ƙwaƙwalwar ba kasafai take mutuwa ba, sai in ruwa ya shige ta, ko an juya kan batir, ko an yi walda a jikin mota ba a cire batir ba.

Mu a nan, ciwon motocinmu yawanci daga mai yake farawa. Gazwal ɗin bakin hanya da ya daɗe cikin jarka, ko aka gauraya shi da kananzir, yana cin famfo da nozul, musamman a D-4D da ba ta jure datti ko kaɗan. Motar da ke kasawa a hawan Mbe kan hanyar Ngaundere, tana zubar da baƙin hayaƙi, a fara buɗe matatar iska, a duba tiyon turbo ko ya fashe. Mai wuyar tashi da asubar sanyi tana farin hayaƙi, a gwada filogin ɗumama injin. Wayar as, wato wadda ke haɗa batir da jikin mota, da ta yi tsatsa, ko batir da ya yi rauni, su kaɗai sun isa su cika allo da lambobin da ba su da tushe. Duk waɗannan gyararraki ne masu araha in an kwatanta da kuɗin da yake nema.

Akwai dabarunsa guda biyu da ya kamata ku sani. Yana iya zare filogin wata sansa yayin da hankalinka yake wani wuri, lamba ta fito nan take, ya nuna maka. Saboda haka kada ka bar shi shi kaɗai a gaban injin. Ta biyun ita ce goge lambobin da na'ura, fitila ta mutu, ka ɗauka an gyara, sai bayan ya yi nisa ta sake kamawa. In kana zargin an taɓa fitilar kanta, murɗa makulli ba tare da tayar da injin ba. Fitilar injin dole ta kama, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. In ba ta kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwanta ko an yanke wayarta.

Masu tsohuwar Prado mai 1KZ-TE ma ba sa buƙatar na'urarsa. Bakanike zai haɗa ramuka biyu na soket ɗin dubawa, masu suna TE1 da E1, da guntuwar waya, fitilar injin ta riƙa ƙiftawa, a ƙirga lambar a gaban idonka.

In har za a taɓa ƙwaƙwalwar motarka, ɗauki hoton lambar da ke jikinta, ka yi mata alama da fenti ko ƙusa, ka kuma ɗauki hoton allon kafin a goge komai. Kai motar wurin mutum na biyu mai garajin da za ka iya komawa gobe. Kada ka tura ko dala ta waya kafin ka ga kaya a hannunka, kuma tsohon kayan da aka cire naka ne, ka karɓe shi. Wanda wannan mutumin ya riga ya cuta, ya adana saƙon tura kuɗin da lambar da aka tura wa, ya kai ƙara wurin jandarma ko 'yan sanda, ya kuma sanar da shugaban tasharsu domin a faɗa wa sauran direbobi.