Wata takwas da ɗan karen nan Jack Russell a gidan kajina

Masu tambayata wai ya labarin karen da na saya, to ga amsa gaba ɗaya. Ɓeraye da gafiya ne suka addabe ni a gidan kaji, ka ajiye buhun abinci yau gobe ka tarar an huda shi ta ƙasa, na sa guba na ɗana tarko duk a banza, shi ne wani abokina likitan dabbobi ya ce in nemi Jack Russell. Ranar da na je ɗaukowa na ga abu ɗan mitsitsi, fari da dabbaren ruwan ƙasa a fuska, ko gwiwata bai kai ba, a raina na ce anya ba a damfare ni ba kuwa, don kuɗinsa sai ya sayo tunkiya har da canji.

Ashe ƙanƙantar ita ce sana'ar. Asalinsa ɗan Ingila ne, wani limamin coci John Russell mutumin Devon mai shegen son farauta shi ya fara kiwonsu, a 1819 yana ɗalibi a Oxford ya sayi wata karya mai suna Trump a hannun mai tallan madara, daga ita aka samo irin. Aikinsu in yanyawa ta faɗa rami su bi ta ciki su yi ta haushi har ta fito, farin jikin kuma don kar mafarauci ya rikita kare da abin farauta.

Wallahi halin na nan a jininsa. Wani dare na haska tocila bayan buhuna sai ga gafiya ƙatuwa, kafin in ɗaga sanda ya riga ya cafke ta a wuya, girgiza biyu ya yi mata ya zo ya yar a ƙafata yana kaɗa bindi kamar jira yake in biya shi. Tun daga nan ban sake ɗinke buhu ba.

Amma fa kar wanda ya ruɗe ku. Wanda ya sayar min ya rantse ba ya taɓa kaza, sati na biyu ya kashe min 'yan tsaki shida, dole na sa waya na raba su. Ga tono, duk gindin katanga ya mai da shi ramuka, ga haushi, in kuma ka ɗaure shi wuni guda sai ya kusa haukacewa don shi ba karen zama ba ne. Sai kaska da damina, da allurar haukan kare da ba a wasa da ita.

Gida kuwa Hajiya ta ce ko zaure kar ya taka, a gona yake kwana. Mai gona ko sito da fili ya saya, ni na ba shi 7 cikin 10, ukun da na cire na 'yan tsakina ne.