Na hau Boeing 737 MAX, jirgin da na ce ba zan taɓa taka matakalarsa ba

'Yata ce ta fara lura. Saura kwana biyu tafiya, ta ɗauki wayata tana duba mini tikiti, sai na ga ta yi shiru. Can ta ɗago ta ce, "Baba, jirgin nan naka fa MAX ne." Na karɓa na duba, ban ga kalmar ba ko kaɗan, 737-8 kawai aka rubuta. Ita ta fahimtar da ni cewa 737-800 shi ne tsohon, wanda aka daɗe ana hawa, 737-8 kuwa shi ne MAX ɗin, sunan ne kawai wasu kamfanoni suka daina rubutawa a fili. Gabana ya faɗi. Shekara da shekaru ina faɗa a gida cewa ko kyauta aka ba ni kujera a wannan jirgi ba zan zauna ba, kuma yarana sun san da gaske nake.

Ba tsoron jirgin sama ne da ni ba. Sana'ata gyaran injinan masana'anta, shekara 26 ke nan ina cikinta, daga tukunyar tururi zuwa injin matsa iska. Abu na farko da maigidana ya cusa mini a kai shi ne duk injin da zai iya kashe mutum ba a ɗora ransa a kan ma'auni guda. Ma'auni yana ƙarya. Ƙura ta toshe shi, waya ta tsinke, ko a ɗaura shi a karkace, ya ci gaba da ba ka lamba kamar lafiya ƙalau. Shi ya sa ake sa biyu, in sun saɓa wa juna a tsaya a duba. Ranar da na karanta yadda aka haɗa wannan jirgi, abin da ya hana ni barci shi ne ganin manyan injiniyoyi sun taka dokar da ko yaron shagona ba zai taka ba.

Ga yadda abin yake. Jirgin 737 tsoho ne, tun 1967 ya fara tashi, kuma gajerun ƙafafu gare shi, cikinsa kusa da ƙasa. A ƙarshen 2010 kamfanin Airbus ya sanar da jirgin A320neo mai sabon inji da ba ya shan mai sosai, masu saye suka fara karkata can. Maimakon Boeing ya zauna ya zana sabon jirgi, wanda zai ci shekaru, sai a 2011 ya yanke shawarar ɗaura wa tsohon manyan injina. Injinan ba su samu wuri a ƙarƙashin fiffike ba, sai aka tura su gaba aka ɗan ɗaga su sama. Wannan ya canza halin jirgin: a wani yanayi, idan hancinsa ya ɗaga sosai, yakan so ya ƙara ɗagawa. Sai aka rubuta wata manhaja mai suna MCAS, aikinta ta motsa fiffiken wutsiya ta dankwafar da hancin ƙasa da kanta. Har nan ban ga laifi ba, haka ake yi a injina da yawa. Laifin shi ne jirgin yana da na'ura biyu masu auna yadda hanci ya ɗaga, ɗaya a kowane gefe, amma manhajar maganar guda ɗaya take saurara. Sannan aka ƙara mata ƙarfi daga digiri 0.6 zuwa 2.5 a motsi ɗaya, aka bar ta ta maimaita ba iyaka, aka cire bayaninta daga littafin matuƙa. Dalilin cirewar ya fito fili a binciken majalisar wakilan Amurka na 2020: ba a so a ce sai matuƙa sun koma na'urar koyon tuƙi, domin wannan kuɗi ne da lokaci. Har alkawari aka yi wa kamfanin jiragen sama na Southwest na rangwamen dala miliyan 1 a kan kowane jirgi idan horon ya zama dole.

Ranar 29 ga Oktoba 2018 jirgin Lion Air ya tashi daga Jakarta ta Indonesiya da mutum 189. Na'urar da aka sauya masa tana ba da lambar ƙarya. Manhajar ta danna hanci ƙasa, matuƙi ya ɗago, ta sake dannawa, ya sake ɗagowa, fiye da sau 20, yana kokawa da abin da ba a taɓa gaya masa yana cikin jirgin ba. Minti 13 da tashi suka faɗa teku. A nan ne ya kamata a ajiye jiragen duka. Ba a ajiye ba, takardar gargaɗi aka aika wa matuƙa aka ce ana gyaran manhaja. Wata biyar bai cika ba, ranar 10 ga Maris 2019, jirgin Ethiopian Airlines da ya tashi daga Addis Ababa zuwa Nairobi ya faɗi kusa da Bishoftu minti 6 da barin ƙasa, da mutum 157 daga ƙasashe 35. Farfesa Pius Adesanmi, marubuci ɗan Najeriya, yana ciki. Matuƙan nan sun kashe maɓallan da takardar ta ce a kashe, suka kama ƙafar da ake murzawa don daidaita fiffiken wutsiya da hannu, gudun jirgin ya sa ta yi nauyin da ba ta juyuwa. Na sha tsayawa gaban inji yana neman ƙwacewa, na bi abin da littafi ya ce bai ji ba, don haka na san ɗan kaɗan daga abin da ke zuciyar mutum a wannan lokaci. Ni dai ina da ƙofar gudu. Su ba su da ita.

Rai 346 ke nan. China ce ta fara hana jirgin tashi washegari, Amurka sai ranar 13 ga Maris, bayan kusan kowa ya riga ta. Jirgin ya zauna a ƙasa wata 20, har Nuwamba 2020.

To, da wannan a kaina na tsaya ina kallon tikiti. Tafiyar ta aiki ce, horo a kan wani sabon inji, ranar a ƙayyade take, kuma babu wani jirgin da zai kai ni kan lokaci. 'Yata ta ce, "Baba, in ranka bai kwanta ba ka fasa, aiki ba ya ƙarewa." Na ce ta ba ni dare ɗaya. Daren nan na kwana ina karanta abin da aka gyara, da idon mai gyara, kamar an kawo mini inji an ce an yi masa aiki in sa hannu. Yanzu manhajar tana sauraron na'urorin biyu. Idan suka saɓa da digiri 5.5 ko fiye, sai ta janye hannunta gaba ɗaya ta kunna wa matuƙi alama. Idan ta motsa, sau ɗaya take motsawa, ba ta nacewa. Ƙarfinta kuma an rage shi yadda matuƙi zai iya rinjayarta da sitiyarin da ke hannunsa. An raba wasu wayoyi da suka yi kusa da juna, an kuma wajabta horon da aka yi ta gudu tun farko. Hukumomin Turai da Kanada ba su ɗauki maganar FAA, hukumar kula da jiragen sama ta Amurka, haka nan ba, kowace ta yi nata gwajin kafin ta buɗe sararinta. Abin da ya fi kwantar mini da rai shi ne Ethiopian Airlines kansu, waɗanda suka binne matuƙansu da fasinjojinsu, ba su yi gaggawa ba, sai Fabrairu 2022 suka mayar da shi aiki. Da asuba na ce mata zan tafi.

Daga tagar ɗakin jira na gane shi tun kafin a kira mu. Bakin fiffikensa a rabe yake biyu, ɗaya ya kalli sama ɗaya ƙasa, bayan injin kuma an yanka shi kamar haƙoran zarto. Duk mai son sanin jirgin da zai hau, waɗannan alamomi biyu sun ishe shi, ko me aka rubuta a tikiti.

A ciki, gaskiya, wuri ne mai haske. Rufin ya yi sama, fitilun suna sauya launi a hankali ba sa dukan ido, ma'ajiyar kaya ta sama kuma tana da zurfi, jakata da kullum nake fama da ita ta shige a gicciye har da sauran wuri. Kujerata tana dab da fiffike, ta taga. Da aka tura mu baya sai na ji injin ya daɗe yana juyawa kafin ya kama, fiye da yadda na saba ji a tsofaffin. Wata baiwar Allah da ke gefena ta riƙe hannun kujera. Na ce mata, "Hajiya, kwantar da hankalinki, lafiya ne." Irin wannan inji sai an ɗan juya shi a hankali zafin cikinsa ya daidaita kafin a ba shi mai, mu ma haka muke yi wa manyan injinan tururi don kada sandar tsakiya ta lanƙwashe. Sautin da na ji sautin inji ne da ake bi da shi yadda ya dace.

Tashin ne ya ba ni mamaki. Na saba da rurin da ke cika kunne har haƙora su yi ta kaɗawa, wannan kuwa wani gurnani ne mai kauri, ƙasa-ƙasa, kana iya magana da na kusa da kai ba ka ɗaga murya ba. Ba zan ɓoye ba, idona yana kan agogo. Na ƙirga minti 6. Na ƙirga 13. Sai da muka wuce su na ji kafaɗuna sun sauka, na tuna waɗanda ba su wuce su ba, na yi musu addu'a. Sauran awa huɗu da 'yan mintuna babu abin faɗa. Mun ratsa gajimare ya ɗan girgiza mu, jirgin ya riƙe kansa da kyau, saukar ma lafiya. Na sauka kaina bai yi nauyi ba, kuma ina ganin rashin ƙarar ce.

Inda ban ji daɗi ba shi ne matsi. Kujera uku-uku ce, faɗin jikin jirgin na nan yadda yake tun zamanin da, kafaɗata tana gogar ta maƙwabciya duk da ina takurewa. Gwiwata tana taɓa kujerar gaba. Banɗakin baya kuwa mutum mai jiki sai ya shiga a karkace, wurin wanke hannun bai kai faranti ba. Yawan kujeru da girman banɗaki zaɓin kamfanin da ya sayi jirgin ne, wani yakan sassauta wani ya cusa, don haka ban ɗora wa jirgin wannan duka ba. Dattijo ko mai ciwon gwiwa ya nemi kujerar bakin hanya tun wajen sayen tikiti.

Wani zai ce tunda na je na dawo lafiya, magana ta ƙare. A wurina ba ta ƙare ba. Ranar 5 ga Janairu 2024 wani MAX 9 na Alaska Airlines ya tashi daga Portland ta Amurka, yana kimanin ƙafa 15,000 a sama sai murfin da aka toshe gurbin wata ƙofa da shi ya fizge ya bar rami a jikin jirgin. Allah ya tsare, babu wanda ya mutu, kujerun da ke dab da wurin babu kowa a kai. Bincike ya nuna kusoshi huɗu da ke riƙe murfin ba a mayar da su ba tun daga masana'anta, a jirgin da bai wuce 'yan watanni da fitowa ba. Wannan ba matsalar manhaja ba ce, matsalar hannu ce da rashin mai duba aikin hannu. A wurin aikinmu duk kusar da aka cire sai an rubuta, sai wani dabam ya zo ya taɓa ta ya sa hannu. Sauri ya haifi nawa, kuma saurin da ya haifi MCAS shi ne na gani a waɗannan kusoshi. Haka kuma har yau ina jin ɗacin sulhun da aka yi da gwamnatin Amurka a Janairu 2021: dala biliyan 2.5, amma biliyan 1.77 na kamfanonin jirage ne da suka yi asarar ciniki, iyalan mamata miliyan 500 aka ware musu.

Don haka ga matsayina. Jirgin da na hau jirgi ne mai kyau, shiru, mai daɗin zama in ka cire matsin kujeru, kuma gyaran da aka yi wa abin da ya kashe mutane gyara ne na gaske, irin wanda zan sa wa hannu. Zan sake hawa, zan kuma bar 'yata ta hau. Amma ban yarda da masu cewa baƙin sunan nan sharri ne ko tsoron jahilai ba, kamfanin da hannunsa ya saye shi, lokacin da ya san akwai abu a cikin jirgin ya ƙi gaya wa masu tuƙa shi. Kuma ba na son wannan ɗabi'a ta goge kalmar MAX daga tikiti da katin da ke aljihun kujera. Wanda ya biya kuɗinsa yana da haƙƙin sanin abin da zai hau, in ya ga dama ya fasa.

A dawowa ma shi aka ba mu, wannan karon ta matakala muka hau, ta ƙofar gaba. Da na kai sama na tsaya na leƙa gefen hancin, ƙasa da tagar matuƙa, na hango 'yar na'urar nan mai kama da reshen ƙarfe, ba ta fi tafin hannuna ba. Na san akwai 'yar'uwarta a ɗaya gefen. Ina tsaye ina kallonta har na bayana ya taɓa kafaɗata ya ce, "Malam, mu je," na shige.