Sansar oksijin ta rage mini shan mai, amma raina bai gama hucewa ba

Ita dai sabuwar sansar da aka sa wa motata ba ni da abin cewa a kanta sai yabo. Motar da ta koma tana zuƙar fetur ba ƙaƙƙautawa, salansa na fesar da baƙin hayaƙi mai warin ɗanyen mai, yanzu ta dawo hayyacinta. Sulo ya daidaita, jijjigar da take yi in na tsaya ta ɗauke, allurar mai ma ta daina sauka a guje. Wallahi ban zaci ɗan ƙarfen da bai wuce tsawon yatsa ba zai yi wannan tasiri.

Ashe ita ce hancin injin. Tana jikin bututun hayaƙi kafin katalis, wato na'urar da ke rage gubar hayaƙi, tana auna ragowar iskar oksijin, ta aika wa kwamfutar mota saƙo tsakanin bolt 0.1 da 0.9. Da wannan saƙon ne kwamfuta ke riƙe haɗin iska da fetur a kusan 14.7 bisa 1. In sansa ta tsufa ta yi sanyin jiki, sai lissafi ya rikice, kwamfuta ta yi ta antaya mai fiye da buƙata.

To a nan takaicin yake. Garejin da na fara kai motar ko na'urar duba kwamfuta ba su jona ba, ga wutar cek injin a kunne ƙiri-ƙiri. Suka canza fulogi. Ba sauyi. Suka wanke nozul, suka sa sabuwar matatar iska, kowane zuwa da nasa kuɗin. Da suka ga dama suka ce sansa ce, sai suka canza sansa ta biyu, wadda ke bayan katalis, alhali babban aikinta sa ido ne kan lafiyar katalis ɗin, ta gaba ce ke da ruwa da tsaki a rabon mai. Na koma na ce musu ba abin da ya canza, wai in yi haƙuri sai motar ta saba da sabon kaya. Mota ce za ta saba? Duk tsawon wannan lokaci ina zuba mai ina ƙonawa a banza.

Wani bakaniken daban ne ya jona na'ura, nan take lambar P0133 ta fito, wato sansar gaba tana jinkirin amsawa. Tsohuwar ta ci tsatsa ta kafe, sai da ya gasa wurin ya sa soket mai tsaga na milimita 22 kafin ta kwance. Ya kuma hana ni sayen irin wadda ake yanke waya a haɗa, ya ce a nemo mai mahaɗin wayar da ya dace da motar. Na gode masa.

Murnata ba ta daɗe ba wutar ta sake kamawa, wannan karon P0420, wato katalis ba ya aiki yadda ya kamata. Ɗanyen man da ya yi ta wucewa cikin salansa ya riga ya illata katalis, kuma kowa ya san tsadarsa ba ta haɗa hanya da ta sansa ba. Da mutanen farko sun jona na'ura tun ranar da na je, da ban shiga wannan asara ba. Yanzu kuɗin katalis nake tarawa, kuma ƙafata ba za ta sake taka garejin nan ba.