Sharhi: koyarwa ta hanyar aikin bincike, bayan gwajin zango guda

Tsarin ba sabo ba ne. Tun 1918 William Kilpatrick, almajirin John Dewey a Amurka, ya yi rubutu a kansa. Maimakon malami ya gama bayani sannan ya ba da aiki, sai a ɗora wa ɗalibai tambaya ta gaske, darasin ya biyo ta cikinta. Bayan gwaji a aji mai ɗalibai 40, hukuncina shi ne yana tayar da yara daga gyangyaɗi, amma yana cin lokaci, kuma rabin nasararsa na hannun tambayar da aka zaɓa.

"Ku yi bincike a kan ruwa" ba tambaya ba ce, kwafe-kwafe daga intanet kawai za ta haifar. "Lita nawa famfon makarantar nan mai ɗiga yake zubarwa a wata?" ita ce ke sa yaro ya ɗauki kofin awo da agogo ya tsuguna. In ya tari mililita 50 cikin minti 5, ya samu 10 a minti, 600 a awa, lita 14.4 a rana, 432 a kwana 30. Ga ninkawa, ga sauya ma'auni, ga zanen jadawali, ba wanda ya ce "Malam, ina amfanin wannan?"

Mako huɗu ya isa: na farko tambaya da rabon aiki, biyu na tsakiya awo da lissafi, na ƙarshe gyara da gabatarwa. Rukuni kada ya wuce mutum huɗu. Da ya kai shida, biyu sun zama cima-zaune, mai ƙoƙarin cikinsu ya kwashe aikin shi kaɗai yana ƙunƙuni. Maganinsa kowa ya riƙe aiki mai suna (mai awo, mai rubutu, mai lissafi, mai gabatarwa), a riƙa juyawa duk mako, kuma rabin maki ya fito daga littafin kowane ɗalibi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne barin dubawa sai ranar ƙarshe. Rukunin da ya rikita mililita da lita a mako na biyu zai gina komai a kan kuskuren, ya zo da kwali mai ado da lissafin banza. Minti 10 a ƙarshen kowane mako, rukunoni su yi musayar aiki su duba wa juna, ya kan toshe wannan. Su kuma gabatar a gaban wani ba malaminsu ba, ko da shugaban makaranta ne. Sanin baƙo zai yi tambaya ya fi barazanar maki sa su shiri.

Ga ajin da ke fuskantar jarrabawar fita, aiki ɗaya a zango ya wadatar, don ba ya rufe manhaja da sauri. Ƙa'idojin da sai an maimaita, irin su rabawa da lambobi masu ɗigo (kamar 14.4), a koyar da su kai tsaye a ranar da aikin ya buƙace su.