Hattara da masu sayar da akwatin lantarki wai yana hana mota tsatsa

'Yan uwa masu farfaɗo da tsofaffin motoci a gida, don Allah a yi hattara. Akwai masu tallar wani ɗan akwati a intanet, bai fi tafin hannu ba, ana haɗa shi da batir a manna wayoyinsa a jikin mota. Wai da zarar 'yar fitilarsa ta kama, tsatsa ta tsaya ke nan, ba kankara, ba walda, fenti kawai za ka fesa. Damfara ce, kuma asarar da take jawowa ta wuce kuɗin akwatin nesa ba kusa ba.

Abin da ya sa mutane ke faɗa musu shi ne sun fake da ilimin da yake na gaskiya. Tun a 1824 Humphry Davy ya kare jan ƙarfen da ke jikin jiragen ruwan Ingila ta hanyar liƙa masa tutiya da baƙin ƙarfe, kuma har gobe da wutar lantarki ake kare jiragen ruwa da bututun mai da ke binne. Amma jirgi a cikin ruwa yake, bututu kuma a cikin ƙasa mai danshi, wannan ruwan ne ke ɗaukar wutar ya kai ta kowane lungu na ƙarfen. Mota fa? A iska take, a kan tayoyin roba. Ruwan da ya kwanta a gindin ƙofa yana cin ta daga ciki ba abin da ya haɗa shi da wayar da aka manna kusa da inji.

Shi ya sa bidiyonsu kullum iri ɗaya ne: ƙarfe biyu a cikin ruwan gishiri, ɗaya ya yi ja, wanda aka jona wa waya ya fito fes. Ruwan gishirin ne ya ba wutar hanya, kuma ba wanda ke ajiye motarsa a cikinsa. A tsakiyar shekarun 1990 hukumar FTC mai kare haƙƙin masu saye a Amurka ta tuhumi kamfanin RustEvader, mai sayar da irin wannan akwati, kan wannan ikirari, har da wannan gwajin. Sunaye ne kawai ke canzawa.

Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne mutumin da ya kwashe watanni yana kwance mota, ya yarda da su, ya shafa fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawar jikin mota da shi, a kan tsatsa ya bi da fenti. Fila tana shan danshi. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta cinye girma, don haka sai ta riƙa turo fentin, ya kumbura ya fashe, aikin ya koma farko, ƙarfen kuma ya ƙara sirancewa.

Wasunsu kan haɗa maka da ruwan da ke mai da tsatsa baƙa. Shi wannan yana da amfaninsa, amma a kan siririyar tsatsa bayan an goge ɓawon da buroshin ƙarfe. A kan mai kauri sama kawai yake baƙantawa, ƙasa tana nan tana ci.

Ga gyaran gaskiya: inda ƙarfen motar ya huje, a yanke a yi walda da sabon ƙarfe. Inda bai huje ba, a kankare har ƙarfe ya yi haske, a wanke maiƙo, a fesa fentin farko na epoxy mai haɗi biyu a ranar, domin ƙarfen da ba fenti a kansa kan soma tsatsa cikin awanni idan akwai laima. Cikin ƙofofi da shasi kuma a fesa kakin da ake yi don ramuka, a tabbata ƙananan hujojin fitar ruwa ba su toshe ba.

Idan sun ce akwai garanti, a karanta shi tsaf, a duba ko ya shafi tsatsar da ke jikin motar tun kafin a saya. Wanda kuma ya riga ya ɗaura akwatin, ya cire, don yana zuƙar batir a hankali alhali motar tana ajiye, sannan ya bi ƙasan motar da bakin sukudireba yana dannawa don gano inda tsatsa ta ci, kafin ya buɗe gwangwanin fenti.