Shatar mota daga Gombe zuwa Bauchi: ciniki, goro da inda ake samun saɓani

Wanda ya sauka a filin jirgin Gombe da ke Lawanti ko yake cikin garin Gombe yana son zuwa Bauchi ba tare da jiran mota ta cika ba, shata ce mafita. Tafiyar kimanin kilomita 150 ce, ta Alkaleri da Dindima, inda ake karkata zuwa Yankari. Awa biyu da ɗan ɗoriya idan hanya ta yi kyau. Aikin direbobin shata a wannan hanya abin yabo ne: sun san ramukan, sun san inda ake rage gudu, kuma galibinsu za su kai ka har ƙofar gida. Rauninsu ɗaya ne, ba su da mita, ba su da farashi a rubuce, komai a baki ake gamawa. Daga nan ne rigima kan goro, wato ɗan ƙarin da ake ba direba bayan kuɗin mota, take tasowa, musamman ga baƙi da 'yan gida da suka daɗe a waje.

A Amurka mita ce ke yanke kuɗin tasi, sannan fasinja ya ƙara kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari a kai. Wanda ya ƙi ƙarawa kallon marowaci ake masa. A Ingila yawanci cika kuɗin ake yi ya zama cif, a bar wa direba rarar. A Japan kuwa ba a bayarwa sam, direba zai ƙirgo maka canjinka daidai. Mu a nan tsarin ya juya ne. Farashi ake ja-in-ja a kai, ƙarin kuma daga mai sayarwa yake fitowa, shi ya sa mai tumatir ke yin gyara. Saboda haka direban Gombe bai sa rai da wani kaso ba. Ribarsa tana cikin cinikin da kuka yi, abin da ka ɗora daga baya ihisani ne, ba bashi ba.

Kuskuren baƙo shi ne ya karɓi farashin farko ba tayi, sannan ya lissafa kashi 20 ya ɗora. Ya biya goro sau biyu ke nan. Kuskuren ɗan gida kuma shi ne ya matse direba a ciniki har ya kai ƙashi, sannan ya tsayar da shi awa uku a ƙofar ofis ya sallame shi da “Allah ya saka”. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, irin wannan matsin ba ya barin komai a aljihun direba, balle wanda motar ba tasa ba ce, yana da balas ɗin da zai kai wa mai ita da yamma.

Kafin ka sa jaka a but, a yi magana a kan abu huɗu: zuwa ne kaɗai ko zuwa da dawowa, jira na awa nawa ne ke cikin kuɗin, za a kunna na'urar sanyaya mota ko a'a (tana shan mai, kuma a zafin Maris da Afrilu ba a raina ta), sannan ba ɗaukar kowa a hanya. Wannan na ƙarshen shi aka fi karyawa. Direba zai ce “Alhaji, ɗan'uwana ne, nan Alkaleri zai sauka”, alhali fasinja ne. In haka ta faru goro ya faɗi, ba sai an yi faɗa ba.

Wa ya cancanci ƙari? Wanda ya jira fiye da yadda aka yi alkawari, wanda ya ɗauki kaya da hannunsa, wanda ya yi haƙuri da dattijuwa tana hawa a hankali, ko ya tsaya aka yi salla ba ya ɗaure fuska. Kuɗin abinci sau ɗaya da ruwa ya wadatar, ba sai an yi lissafin kaso ba. A miƙa masa bayan an sauka, da hannun dama, a ce “Malam direba, ga wannan ka sha ruwa.” Kada a ba da shi a tasha gaban 'yan kamasho, don sai a ɗauka cikin kuɗin mota ne a nemi la'ada a kai. Yaran da suka loda kaya nasu daban ne, a sallame su nan take.

Goro ya fi kyau da tsabar kuɗi. Turawa ta waya tana iya maƙalewa, in kuma ta shiga sai direba ya biya mai POS kafin ya cire.

A motar haya ta gama-gari, inda ake zama biyu a gaba huɗu a baya, ba a ba da goro. Mai son sakewa kujera biyu yake biya. Haka Keke Napep a unguwar Pantami ko Jekadafari cikin Gombe: iyaka a ce “bar canjin” idan naira 50 ce ta rage, shi ma sau da yawa rashin canji ne ya jawo.